Wutsiyar Kalma

Ni ne Sahabi mai fenti, na Rijiyar Ɗorowa.
Shekara sha tara ina sa wa bango baki,
shi yi ta magana da mutane,
ni in wanke buroshi in wuce.

Ran Laraba Alhaji Maidamma yat taho,
warin albasa gaba, shi baya.
Yac ce, "Ƙofar sitona ta koma tasha.
Tirela ta zo daga Gada, ba wurin juyawa,
'yan kabu-kabu sun jeru awa haƙoran matsefi.
Rubuta man hani, amma da Turanci.
In Hausa ce sai su ɗauka roƙo ne,
Turanci shi ka kama da sammaci."

Na dama ja, na ja layi da zare,
na zuba haruffa masu tsawon kamu guda:
Don't Parking Here.
Na ja da baya ina kallo, raina fes,
har mai shayi yab bar tukunya yazo taya ni gani.

Sai wata tsohuwar Fijo tat tsaya tana tari.
Malama Kulu ce,
wadda rabin unguwa sunka sha allinta a firamare,
tabarau a karan hanci, ɗaure da zaren lilo.
"Yaro, wa yak karantar da kai?"
Ni da furfura a gemu.
Nac ce, "Duniya, Malama."
Tac ce, "Duniyar ba ta duba maka aikin gida ba."

Ta karɓi sandar da nike dama fenti,
ta mai da ƙasa allo.
"Hanin Bature gida biyu ne, kowane da ƙofarsa.
In ka shiga ta No,
kalmar da ke biye sai da wutsiya: No Parking.
In ka shiga ta Do Not,
yanke wutsiyar, bar ta gundul: Do Not Park.
Kai ka ɗauko kan rago ka ɗinka ga wuyan jaki.
Ko a bakinmu, ai ana cewa ba a tsayawa,
ana cewa kada ka tsaya.
Ka taɓa jin mai hankali ya ce kada tsayawa?"

Mai shayi yak koma ga tukunyarsa a hankali.

Rana ta take tsaka, irin ta garinmu,
wadda ke dafa ƙwai a kan bokiti,
amma ba ita tas sa ni zufa ba.
Na shafe da fari, na jira ya sha iska,
na dasa haruffa biyu a kabarin huɗu.
Alhaji ya ƙirga da yatsa, yac ce,
"Tunda rubutu ya ragu, kuɗi ma su ragu."

Muna cikin ciniki tirela tad danna ham.
Wani abu ya tare ƙofa.
Fijo ce, daidai gindin jan rubutu.
Malama ta ɗaga kai, ta karanta da ƙarfi,
tac ce, "Yawwa, yanzu ya yi,"
sannan ta tsallaka titi tayin albasa,
ba gaggawa.

Yau 'yan kabu-kabu na nan, sha ɗaya na ƙirga,
suna hamma ƙarƙashin Turanci marar aibu.
In la'asar ta karkata
tsohon kurena kan leƙo ta bayan farin fenti,
ni kaɗai ka ganinsa.

Abin da tab bar man shi ne ciwon ido.
Daga asibiti har tashar Illela
ba bangon da nika wucewa lafiya,
sai na tsaya na duba ƙofa,
na duba wutsiya.
Bakwai na samu jiya.
Biyar aikin hannuna ne.